Karabak a Shafukan Jaridun Duniya: Nazarin Yadda Ƙasashe Suka Ba da Labarin Rikici Guda

Daga ranar 24 ga Satumban 2023 har zuwa ƙarshen watan, motocin Armeniyawan da ke gudu bayan farmakin da sojojin Azarbaijan suka kai yankinsu sun yi jerin gwano a kan hanya ɗaya tilo da ta haɗa tsaunukan Karabak da ƙasar Armeniya, wadda ake kira mashigar Lachin. Tafiyar da a da ba ta wuce awa biyu ba, daga Stepanakert, babban birnin Karabak, zuwa garin Goris na Armeniya, ta koma cin awa 30 ko fiye. An ga katifu da barguna ɗaure a kan rufin tsofaffin motoci, an ga tsofaffi zaune a bayan tifa da taraktoci, ga yara rungume da jakunkunan makaranta waɗanda aka cika da tufafi maimakon littattafai. Cikin mako guda mutum fiye da 100,000 suka tsallaka gadar Hakari, kuma da tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ta isa yankin ranar 1 ga Oktoba, abin da aka shaida mata shi ne Armeniyawan da suka rage ba su wuce tsakanin 50 zuwa 1,000 ba.

Babu jaridar da ta musanta cewa mutanen sun fita, kuma babu wadda ta yi gardama sosai a kan yawansu. Amma mai karatu a Paris ya karanta cewa an share wata tsohuwar al'ummar Kirista daga ƙasar kakanninta, na Istanbul ya karanta cewa an kammala 'yantar da ƙasar da aka mamaye shekara 30 kuma mazaunanta sun zaɓi tafiya da kansu, na Mosko ya karanta cewa shugaban Armeniya ne ya sayar da 'yan'uwansa saboda kwaɗayin kusantar Turawan Yamma, na Tehran kuwa hankalinsa an karkata shi ne ga tambayar ko za a taɓa iyakar Iran ta arewa. Wannan nazari ya bi diddigin yadda aka yi hakan, domin abin da na lura da shi bayan na daɗe ina kwatanta rahotannin shi ne cewa da wuya a kama ɗaya daga cikin manyan jaridun da ƙarya tsagwaronta. Aikin yana gudana ne a wurare uku da mai karatu ba ya yawan lura da su: sunan da aka kira wuri da shi, shekarar da aka fara ba da labari daga gare ta, da kuma mamatan da aka nuna fuskokinsu.

Asalin rikicin a taƙaice

Yankin da ake magana a kansa bai wuce murabba'in kilomita 4,400 ba. A shekarar 1921 shugabannin Bolshebik na yankin Kaukasus suka yanke shawarar barinsa cikin Azarbaijan, a 1923 kuma aka ba shi matsayin lardi mai ɗan ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai, duk da cewa mafi yawan mazaunansa Armeniyawa ne. Ƙidayar Tarayyar Sobiyet ta 1989 ta nuna mutum kusan 189,000 a lardin, kimanin kashi 77 cikin ɗari Armeniyawa, mafi yawan sauran kuma 'yan ƙabilar Azeri. Ranar 20 ga Fabrairun 1988 majalisar lardin ta nemi a mayar da shi ƙarƙashin Armeniya, kuma daga nan wutar ta kama. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, rikicin ya zama yaƙi sosai, wanda ya ci rayuka kusan 30,000 kafin a tsagaita wuta a watan Mayun 1994. A lokacin Armeniyawa sun riƙe lardin, sun kuma haɗa da gundumomi bakwai da ke kewaye da shi, wato Lachin, Kalbajar, Aghdam, Fuzuli, Jabrayil, Gubadli da Zangilan, waɗanda kusan duk mazaunansu Azeriyawa ne da Kurdawa. Fiye da rabin miliyan na waɗannan mutane aka kora daga gidajensu. Kafin nan ma Azeriyawa kusan 200,000 sun bar Armeniya, Armeniyawa fiye da 300,000 sun bar Azarbaijan. Ƙasashen Faransa, Rasha da Amurka sun jagoranci shiga tsakani a ƙarƙashin abin da ake kira Rukunin Minsk, amma maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa har zuwa 27 ga Satumban 2020, ranar da yaƙin kwana 44 ya ɓarke, wanda Azarbaijan ta yi nasara a cikinsa bayan sojoji fiye da 6,500 sun mutu a ɓangarorin biyu.

Tun daga makon farko kafofin yaɗa labarai suna cikin lamarin dumu-dumu. Jaridun Mosko na 1988 sun fara da yin shiru, sannan suka koma kiran masu zanga-zangar Yerevan, babban birnin Armeniya, da Stepanakert masu tsattsauran ra'ayi. Ranar 27 ga Fabrairu wani mataimakin babban mai gabatar da ƙara na Tarayyar Sobiyet ya sanar ta kafar gwamnati cewa an kashe matasa biyu Azeriyawa a kusa da Askeran, kuma cikin kwanakin nan ne taron 'yan daba ya far wa Armeniyawan birnin Sumgait na Azarbaijan. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 32 suka mutu, 26 daga cikinsu Armeniyawa, kamfanin dillancin labarai na TASS kuwa ya jingina abin ga 'yan iskan gari kawai, kamar babu wata ƙabila da aka nufa.

Suna linzami

Sunan Nagorno-Karabak kansa gamin gambiza ne na harsuna uku. Kalmar farko ta Rashanci ce mai nufin wuri mai tsaunuka, “kara” Turkanci ne mai nufin baƙi, “bag” kuma Farisanci ne mai nufin lambu. Armeniyawa suna kiran ƙasar Artsak, sunan wani tsohon lardin daularsu, kuma a 2017 hukumomin Stepanakert suka mayar da shi sunan jamhuriyarsu a hukumance, jamhuriyar da babu ƙasa ko ɗaya cikin Majalisar Ɗinkin Duniya da ta amince da ita, har da Armeniya. Azarbaijan kuma, bayan yaƙin 2020, ta ce babu sauran wani abu mai suna Nagorno-Karabak, a watan Yulin 2021 shugaba Ilham Aliyev ya sa hannu a dokar da ta sake fasalin yankunan tattalin arzikin ƙasar, aka samu yankin Karabak da yankin Zangezur ta Gabas. Saboda haka editan da ya rubuta Artsak ya riga ya amsa cewa akwai ƙasa mai wannan suna, wanda ya rubuta Karabak zalla ya amsa cewa babu wani matsayi na musamman da ya rage a tattauna a kansa, wanda kuma ya tsaya a kan tsohon sunan Sobiyet, kamar yadda Reuters da AP da BBC suka yi, kowane ɓangare na kallonsa a matsayin mai jan ƙafa.

Haka abin yake ga kowane gari. Babban birnin yankin Stepanakert ne a bakin Armeniyawa, sunan da aka raɗa masa a 1923 don tunawa da ɗan juyin juya halin nan Stepan Shahumyan, a bakin Azeriyawa kuwa Khankendi ne, wato ƙauyen sarki. Garin da ke kan dutse a samansa Shushi ne ga waɗancan, Shusha ga waɗannan, bambancin wasali ɗaya tak, amma ya isa a gane daga wace ƙofa marubuci ya shigo. Na ga rahotanni masu yawa da wakilansu suka yi ta fama da rubuta sunaye biyu a jere a kowane sakin layi don gudun zargi, kuma duk da haka ba su tsira ba, domin sai a tambaye su dalilin da ya sa wannan suna ya riga wancan zuwa.

Bayan sunayen wurare akwai sunayen mutane da na ayyuka. Mayaƙan Karabak 'yan aware ne a jaridun Ingila da Amurka, rundunar kare kai ce a jaridun Yerevan, haramtattun ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai ne a jaridun Baku, babban birnin Azarbaijan, da Ankara. Yaƙin 2020 sunansa Yaƙin Kishin Ƙasa a Azarbaijan, a Armeniya kuwa harin haɗin gwiwar Turkiyya da Azarbaijan ne. Farmakin 19 ga Satumban 2023 gwamnatin Baku ta kira shi matakin yaƙi da ta'addanci, jaridun Turkiyya masu kusanci da gwamnati suka ɗauki sunan yadda yake, ba tare da sun sa shi cikin alamar zance ba, alhali jaridun Faransa sun kira shi hari ko mamaya.

Daga ina labarin ya fara

A ganina nan ne aikin ya fi nauyi. Kowane rahoton yaƙi yana da ɗan sakin layi a ƙasa wanda ke tuna wa mai karatu tushen rikicin, kuma saboda ana maimaita shi kullum, shi ne ke zama a kan mutane bayan sun manta da sauran. Kamfanin dillancin labarai na Anadolu, mallakar gwamnatin Turkiyya, yana da nasa sakin layin da ya yi ta liƙawa a ƙarshen rahotanninsa, wanda jaridu irin su Daily Sabah da Yeni Şafak suka yi ta kwafa: dangantaka ta lalace tun 1991, lokacin da sojojin Armeniya suka mamaye yankin da duniya ta amince na Azarbaijan ne tare da gundumomi bakwai, kuma ƙudurorin Kwamitin Sulhu huɗu sun nemi su janye. Ƙudurorin gaskiya ne, lambobinsu 822, 853, 874 da 884, duk na shekarar 1993. Korar dubban ɗaruruwan Azeriyawa ma gaskiya ce. Sai dai wanda ya fara labari daga 1991 ya tsallake Sumgait, ya tsallake farmakin da aka kai wa Armeniyawan Baku a Janairun 1990, ya tsallake shawarar 1921, don haka mai karatunsa ba zai taɓa fahimtar dalilin da ya sa manomi ɗan Karabak yake ganin zama ƙarƙashin Baku daidai yake da mutuwa ba. Har ila yau ana yawan cewa kashi 20 cikin ɗari na ƙasar Azarbaijan aka mamaye, alhali lissafin masu bincike masu zaman kansu bai kai kashi 14 ba, ko da an haɗa da lardin kansa.

Jaridun Faransa da yawa, musamman masu ra'ayin riƙau irin su Le Figaro da mujallarta ta ƙarshen mako, sun fara nasu labarin ne daga 1915, shekarar da aka fara kisan ƙare dangin Armeniyawa a Daular Usmaniyya, wasu ma daga shekarar 301, lokacin da al'adar Armeniyawa ta ce masarautarsu ta karɓi Kiristanci kafin kowace ƙasa. Wanda ya shigo ta wannan ƙofa zai ga jiragen Bayraktar marasa matuƙa na Turkiyya a sararin Karabak a matsayin ci gaban aikin da aka bari ba a gama ba shekara ɗari da suka wuce, kuma wannan tsoro yana da tushe, domin har yau Ankara ba ta amsa sunan abin da ya faru a 1915 ba. Amma shi ma wannan mai karatu an hana shi wani abu. Da wuya ya ji sunan Khojali, garin da mayaƙan Armeniyawa suka buɗe wa fararen hula masu gudu wuta a daren 25 zuwa 26 ga Fabrairun 1992, inda Azarbaijan ke cewa mutum 613 suka mutu, ƙungiyar Human Rights Watch kuma, duk da ta kawo adadi ƙasa da haka, ta ɗora alhakin a kan dakarun Armeniyawan Karabak. Da wuya kuma ya ga hoton Aghdam, birnin da a da yake da dubban gidaje aka mayar da shi kufai, aka kwashe duwatsun gininsa da ƙarafansa, babu abin da ya rage a tsaye sosai sai hasumiyoyi biyu na masallacin Juma'a, wanda aka ɗauki hotunan dabbobi a cikinsa. Iyalan da suka shafe shekaru suna kwana a taragan jirgin ƙasa da ɗakunan kwanan ɗalibai a Azarbaijan ba su samu shafin farko a Paris ba.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka take naka ka hango na wani. Jaridun Baku sun cika da hotunan masallatai da maƙabartun da aka lalata a gundumomi bakwai, amma ba sa maganar dubban duwatsun kabari masu zanen gicciye na tsohuwar maƙabartar Armeniyawa ta Julfa a Nakhchivan, wani yanki na Azarbaijan da ke ware daga sauran ƙasar, waɗanda aka farfasa har aka share wurin gaba ɗaya zuwa shekarar 2006. Jaridun Yerevan sun san Julfa dutse bayan dutse, Aghdam kuwa sai a kira ta yankin tsaro.

Kowa da ciwon da ke damunsa

Faransa tana da al'ummar Armeniyawa mafi girma a Yammacin Turai, a biranen Marseille da Lyon da kewayen Paris, kuma tun 2001 ta amince a doka da kisan ƙare dangin 1915. A kakar 2020 kuma dangantakar shugaba Macron da shugaba Erdogan ta yi tsami ƙwarai a kan Libiya da gabashin tekun Bahar Rum, ga muhawarar Musulunci da ta mamaye siyasar cikin gida. Da Macron ya faɗa a farkon Oktoba cewa an kwaso mayaƙa daga Siriya ta garin Gaziantep zuwa fagen daga, zancen ya dace da abin da ke zuciyar masu karatu. Batun sojojin hayar ba ƙage ba ne, domin Reuters da The Guardian sun tattauna da wasu daga cikinsu, duk da Ankara da Baku sun musanta. Ranar 1 ga Oktoba ma 'yan jaridar Le Monde biyu suka ji rauni a luguden wuta a garin Martuni, abin da ya ƙara kusanto da yaƙin ga Faransawa. Ranar 25 ga Nuwamba majalisar dattawan ƙasar ta zartar da ƙudurin neman gwamnati ta amince da jamhuriyar Karabak da ƙuri'a 305, ɗaya tak ya ƙi, alhali Faransa tana cikin masu shiga tsakani. Jaridun Baku sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa alƙalin wasa ya sa rigar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin.

A Turkiyya taken shi ne al'umma ɗaya, ƙasa biyu, maganar da ake jingina wa marigayi Heydar Aliyev, tsohon shugaban Azarbaijan kuma mahaifin Ilham. Ankara ta rufe iyakarta da Armeniya tun Afrilun 1993 saboda kama Kalbajar, kuma a lokacin yaƙin 2020 jaridun gwamnati da mafi yawan na adawa sun yi magana da murya ɗaya, abin da ba kasafai ake gani ba a ƙasar. Labarin ya kasance na 'yan'uwa da aka zalunta, da kuma alfahari da makaman da Turkiyya ta ƙera da hannunta. Ya kamata a ambaci jaridar Agos ta Armeniyawan Istanbul, wadda aka harbe wanda ya kafa ta, Hrant Dink, a ƙofar ofishinta ranar 19 ga Janairun 2007, domin ita da wasu 'yan tsirarun kafofi ne suka ci gaba da tambayar halin da fararen hula ke ciki a ɓangarorin biyu, a daidai lokacin da ayarin motoci masu tutoci ke zagaya unguwannin Armeniyawa a birnin.

Rasha ta ba da labarin ne a matsayin uwa mai raba faɗan 'ya'ya, duk da ta daɗe tana sayar wa ɓangarorin biyu makamai. Yarjejeniyar 10 ga Nuwamban 2020 ta kai sojojinta 1,960 Karabak, jaridun Mosko suka yi ta yabon Putin a kan ya ceci abin da ya rage. Da abin ya rushe a 2023 sojojin suna kallo, sai aka nemi wanda za a shafa wa kashin kaji, aka samu firaministan Armeniya Nikol Pashinyan, wanda ya hau mulki ta zanga-zangar 2018 kuma ya furta a watan Mayun 2023 cewa ya amince da faɗin Azarbaijan na murabba'in kilomita 86,600, har da Karabak. Jaridar Meduza, wadda ke aiki daga wajen ƙasar, ta wallafa cewa fadar Kremlin ta aika wa kafofin gwamnati umarnin su jaddada cewa Armeniya da abokanta na Yamma ne suka jawo abin. Ko kashe wasu sojojin Rasha da dakarun Azarbaijan suka yi ranar 20 ga Satumba, wanda Aliyev ya nemi afuwar Putin a kansa, bai samu hayaniyar da za a yi tsammani ba.

Lamarin Iran shi ne ya fi rusa fassarar nan mai sauƙi ta cewa faɗan Musulmi da Kirista ne. Mafi yawan Musulmin Azarbaijan 'yan Shi'a ne kamar Iraniyawa, kuma a Nuwamban 2020 Ayatullah Khamenei ya ce dole a mayar wa Azarbaijan ƙasarta da aka mamaye. Amma jaridun Tehran sun fi damuwa da abubuwa uku na gida: Azeriyawa miliyoyi da ke arewa maso yammacin Iran, ƙawancen Baku da Isra'ila, da 'yar gajeriyar iyakar Iran da Armeniya wadda ba ta kai kilomita 50 ba. Da Erdogan ya karanta wasu baitoci a kan kogin Aras, wanda ya raba Iran da Azarbaijan, a faretin nasara na Baku ranar 10 ga Disamban 2020, Tehran ta ɗauka hannunka mai sanda ne ga lardunanta na Azeriyawa, ta kira jakadan Turkiyya, jaridunta suka yi ca. A Isra'ila kuma jaridar Haaretz ta bankaɗo a 2023 cewa jiragen dakon kaya na Azarbaijan sun yi sawu fiye da 90 zuwa wani sansanin sojan sama da ke kudancin ƙasar tun 2016. Can gabas, jaridun Pakistan sun tsaya wa Baku suna kwatanta lamarin da Kashmir, na Indiya kuma, ƙasar da ta shiga sayar wa Armeniya makamai, suna ganin ƙawancen Ankara da Baku da Islamabad ne abin lura.

Jaridun gida da daren 10 ga Nuwamba

Babu inda illar wannan salon ta fito fili kamar a Armeniya kanta. Da yaƙin 2020 ya fara, dokar ta-ɓaci ta hana wallafa duk wani bayani kan fagen daga wanda bai fito daga hukuma ba, kowane dare kakakin ma'aikatar tsaro yana bayyana a talabijin da alƙaluman tankokin abokan gaba da aka lalata, taken “za mu yi nasara” kuma ya cika shafukan sada zumunta da allunan tituna. Iyaye mata suna sauraron wannan yayin da wayoyin 'ya'yansu suka daina shiga. Garin Shusha ya faɗi ranar 8 ga Nuwamba, jami'an Yerevan suna ta cewa ana ci gaba da gwabzawa, sai tsakar daren 9 zuwa 10 ga wata Pashinyan ya sanar ta Facebook cewa ya sa hannu a takardar da ta miƙa gundumomin da suka rage. Mutanen da aka shafe mako shida ana gaya musu nasara na tafe suka fasa ginin gwamnati da na majalisa, suka yi wa kakakin majalisar, Ararat Mirzoyan, dukan da ya kai shi asibiti. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ga Armeniyawan da suka zauna a Kalbajar suna cinna wa gidajen wuta kafin su fita, jaridun Yerevan suka nuna baƙin cikin mai barin gida, na Baku suka tuna cewa yawancin gidajen na Azeriyawan da aka kora a 1993 ne.

A Azarbaijan gwamnati ta taƙaita intanet tun ranar farko ta yaƙin, 'yan jaridar waje ba sa zuwa ko'ina sai da rakiyar jami'ai, kuma shekaru da dama ƙasar tana da jerin sunayen waɗanda ta haramta wa shiga saboda sun ziyarci Karabak ta Armeniya. Wannan ya sa wakilai da yawa suka ga yaƙin daga gefe ɗaya kawai. Wanda ke ɓoye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Stepanakert ya ga bama-bamai masu 'ya'ya suna sauka a unguwanni, ya ga majami'ar Shusha da aka harba sau biyu ranar 8 ga Oktoba, wanda ke ɗaya gefen ya ga gidajen birnin Ganja na Azarbaijan da makamai masu linzami suka rusa a kan masu barci ranakun 11 da 17 ga watan, da kuma mutum 21 da suka mutu a garin Barda ranar 28. Amnesty International da Human Rights Watch sun tabbatar da cewa duka ɓangarorin sun kai hare-haren da ba su bambance soja da farar hula ba. Daga Nuwamban 2023 kuma hukumomin Baku suka shiga kama ma'aikatan Abzas Media da wasu kafofi masu zaman kansu, wato 'yan muryoyin da za su iya tambayar yadda ake kashe kuɗin sake gina yankin.

Inda tsakatsaki ya gaza

Kada a ɗauka cewa manyan kamfanonin dillancin labarai na Yamma sun fita kunya ke nan. Jimlarsu ta kullum, cewa duniya ta amince yankin na Azarbaijan ne amma Armeniyawa ne ke zaune a cikinsa, daidai take a lokacin, kuma ta fi ta kowa adalci. Sai dai ranar 12 ga Disamban 2022 wasu da suka kira kansu masu fafutukar kare muhalli suka datse mashigar Lachin, a ƙasar da ba a barin kowa ya yi zanga-zanga sai da yardar hukuma. Ranar 22 ga Fabrairun 2023 Kotun Duniya da ke Hague ta umarci Azarbaijan ta tabbatar da zirga-zirga ba tare da tsangwama ba, a maimakon haka ranar 23 ga Afrilu aka kafa shingen bincike a gadar Hakari, daga tsakiyar Yuni kuma har kayan agaji suka daina wucewa. Mutane suka koma bin layin burodi tun tsakar dare, man fetur ya ƙare, ana yanke wuta da iskar gas. A cikin waɗannan watanni tara rahotanni da yawa sun ci gaba da salon nan na Armeniya ta yi zargi, Azarbaijan ta musanta, kamar babu hukuncin kotu a ƙasa. A ra'ayina wannan gazawa ce, irin gazawar da aka yi ta yi shekara 26 kafin nan, lokacin da ake kiran gundumomi bakwai yankin da ake taƙaddama a kansa alhali babu wata taƙaddama a kan mallakarsu ko a kan waɗanda aka kora daga cikinsu.

Akwai kuma batun lokaci da muradi. Yaƙin 2020 ya faɗo tsakiyar annobar korona da zaɓen Amurka. A Yulin 2022 shugabar Hukumar Tarayyar Turai, Ursula von der Leyen, ta je Baku ta ƙulla yarjejeniyar ƙara sayen iskar gas don rage dogaro da Rasha, shafukan kasuwanci suka yi ta kiran Azarbaijan amintacciyar abokiyar hulɗa. Majalisar Dokokin Turai ta kira ficewar Armeniyawa share ƙabila ranar 5 ga Oktoban 2023, bayan kwana biyu yaƙin Gaza ya ɓarke, wakilai suka tattara kayansu suka bar Goris.

Wannan duka ya shafi mai sauraro da mai karatu Bahaushe kai tsaye, domin labarin Karabak ba ya iso mana sai ta hannun wasu. Sassan Hausa na BBC, DW, RFI, TRT Afrika da gidan rediyon Iran duk suna ƙarƙashin gidajen da ke ƙasashen da aka ambata a sama ko maƙwabtansu, jaridunmu na gida kuma fassara suke yi daga kamfanonin dillancin labarai. Mai fassarar da ke zaɓa tsakanin 'yan aware da 'yan tawaye, ko tsakanin ƙwato da mamaye, yana yanke hukunci ne ko bai sani ba, musamman a Nijeriya, ƙasar da kalmar 'yan aware ke tuna wa mutane yaƙin basasar 1967 zuwa 1970. Na kuma sha jin ana taƙaita lamarin a hira da cewa Musulmi sun ci Kiristoci da yaƙi, alhali Isra'ila ce babbar mai sayar wa Baku makamai a shekarun da suka gabaci yaƙin, Iran kuma ɗaya ce daga cikin ƙofofin da Armeniya ke shaƙar iska ta cikinsu.

Ranar 17 ga Nuwamban 2023 Kotun Duniya ta sake umartar Azarbaijan ta tabbatar da cewa duk wanda ya fita kuma yake son komawa ya koma lafiya. A Janairun 2025 aka fara shari'ar tsofaffin shugabannin Karabak a kotun soja a Baku. Ranar 8 ga Agustan 2025 Aliyev da Pashinyan suka haɗu a fadar White House, ministocin wajensu suka sa hannun farko a daftarin yarjejeniyar zaman lafiya wanda bai ambaci komawar mutanen Karabak ba, kanun labarai kuma suka koma kan hanyar da za ta ratsa kudancin Armeniya ta haɗa Azarbaijan da Nakhchivan. Jaridun Baku da Ankara suna kiranta mashigar Zangezur, na Yerevan sun ƙi kalmar mashiga gaba ɗaya suna cewa hanya ce a lardin Syunik ƙarƙashin ikon Armeniya, na Amurka suna kiranta da sunan shugaba Trump, na Tehran kuma suna lissafin nisanta da kogin Aras.